Kada ki sayar da filin, a fara leƙa mahaifar tukuna

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 31, shekara 9 da aure, ina da 'ya ɗaya mai shekara 7. Bayan ita na yi ɓari sau biyu, duka an yi mini wankin ciki. Na biyun sai da aka maimaita saboda jini ya ƙi tsayawa, har na kwanta zazzaɓi. Tun daga nan, yau shekara 3, al'adata ta koma ɗigo-ɗigo na yini ɗaya, wani watan ma sai dai ciwon mara kawai. Sikanin ya nuna shimfiɗar mahaifata ta sirance. Na sha wani gari da ake zubawa ƙarƙashin harshe wai shi sitem sel, wata 4, ban ga komai ba. Yanzu ƙawata ta haɗa ni da wani asibitin kuɗi ta WhatsApp, sun ce suna da sitem sel na gaske da ake cirowa daga cikin mahaifa, allura uku naira miliyan 4, kuma cikin wata 3 zan samu ciki. Ina da fili na gadon mahaifina, yayana ya samo dillali. Maigida ya ce shi ba ruwansa, danginsa kuma sun fara zancen ya ƙara aure. Anti, maganin nan gaskiya ne? In sayar?

Ƙanwarki daga Zariya

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya jiƙan mahaifinki, Ya sa abin da ya bar miki ya yi albarka. Ki kira yayanki yau ki ce ya dakatar da dillalin nan. Zan kuma faɗa miki dalili dalla-dalla, don ba na son ki janye kawai saboda Anti ta ce, gobe ƙawarki ta turo wani sabon bidiyo zuciyarki ta sake tashi.

Abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarki shi ne wannan: shekara 3 kina fama, an yi sikanin, an sha gari, har an kai ga yanka miki farashi, amma ban ga inda kika ce wani likita ya leƙa cikin mahaifar da idonsa ba. Cinikin biri a sama ake yi da ke.

Bari mu fara da abin da suka faɗa na gaskiya, don akwai gaskiya a ciki, kuma ita ce ke sa zancen nasu ya yi daɗi a kunne. Shimfiɗar da ke cikin mahaifa, inda ciki ke kamawa, hawa biyu ce. Na sama shi ke yin kauri duk wata yana jiran baƙo, in baƙon bai zo ba ya zube, shi ne jinin al'ada. Na ƙasa ba ya zuba, shi ne saiwar. Kin san zogalen bayan gida: ki sare shi yau, ba da jimawa ba ya sake tohowa, matuƙar ba a taɓa gindinsa ba. Mace takan yi wannan zubarwa da tohowa wajen sau 400 a rayuwarta ba tare da tabo ya fito ba. Da wuya ki samu wani wuri a jikin ɗan Adam da ke yin haka.

Masana sun daɗe suna zargin cewa lallai akwai wasu ƙwayoyin halitta na tushe a wannan saiwa, waɗanda ke haifar da sauran. A 2004 ne wata mai bincike, Caroline Gargett, da abokan aikinta a Jami'ar Monash da ke Melbon a Ostireliya suka fito da shaidar farko. Sun samu ƙwayoyin, 'yan kaɗan ne ƙwarai, ba su wuce ɗaya ko biyu cikin ɗari ba, amma in aka ajiye guda ɗaya a faranti a ɗakin gwaji sai ta yi ta hayayyafa. Su ne ake kira sitem sel na mahaifa. A 2007 kuma aka nuna cewa irinsu suna biyo jinin al'ada su fito. Wannan abin yana ba ni mamaki har gobe. Jinin da aka koya mana mu ɓoye tsummansa, mu shanya inda ido ba ya kai wa, shi ne masana ke tarawa a kwalba suna lallaɓawa kamar zinari. Ikon Allah ke nan.

To ilimin na nan, ba ƙarya ba ne. Tambayar ita ce ko ya kai matsayin maganin da za a ce ki kawo miliyan 4, a kuma yi miki alƙawarin ciki. Bai kai ba.

Ga abin da aka gwada a kan mata masu irin matsalarki. A 2016 wasu likitoci a birnin Shenyang na ƙasar Sin suka ɗauki mata 7 da mahaifarsu ta manne sosai. Suka tari ɗan jinin al'adar kowacce, suka raini ƙwayoyin a ɗakin gwaji, suka mayar mata da nata cikin mahaifa. Biyar daga cikinsu shimfiɗar ta kai kaurin milimita 7, wanda shi ne ma'aunin da likitocin haihuwa suka fi nema, uku kuma suka samu ciki. A wannan shekarar dai, a Balensiya ta ƙasar Sifaniya, aka gwada wa mata 16 ƙwayoyin da aka samo daga ɓargonsu. Al'ada ta dawo wa mafi yawansu a watannin farko, wasu sun samu ciki, amma zuwa wata 6 sauƙin ya fara ja da baya. A 2018, a Nanjin, nan ma ƙasar Sin, aka gwada wa mata 26 ƙwayoyin igiyar cibiya, 10 suka samu ciki.

Ki sake duba lambobin: 7, 16, 26. Duka ki haɗa su ba za su cika motar kai amarya uku ba. Kuma a duk gwaje-gwajen nan uku ba a ajiye wani rukuni na mata a gefe da ba a yi musu dashen ba, balle a kwatanta a ga ko ƙwayoyin ne suka yi aikin. Matan nan ana ba su sinadarin da ke gina shimfiɗa, an buɗe wa da dama mahaifar da aiki, da yawansu kuma cikin ma ta dashen ƙwai aka same shi, wato IVF. Wa zai iya rantsewa a kan wanne ne ya yi tasiri? Su kansu likitocin da suka yi binciken abin da suka ce shi ne a ci gaba da gwaji. Babu wanda ya ce wata 3 ki zo da ciki. Wanda duk ya ba ki wa'adin samun ciki, ko a wane asibiti yake, ya faɗi abin da ba shi da iko a kai.

Akwai inda dashen irin waɗannan ƙwayoyi ya tabbata magani ne, kada ki ce na kushe shi gaba ɗaya. Dashen ɓargo ga masu sikila da masu sankarar jini shi ne babban misali, kuma an fara yi wa mai sikila a Najeriya tun 2011 a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin. Sai dai shi wannan ya bi shekaru masu yawa na gwaji kafin a kai nan. Na mahaifa yana farkon hanya. Ƙungiyar Gargett ma, da take neman amfani da ƙwayoyin don gyara zazzagowar mahaifa, a jikin tumaki ta daɗe tana gwaji.

Shi kuwa garin da kika sha, ki yafe kuɗin kawai. Yawancin irinsa daga tsirrai ake haɗa shi, tuffa ko inabi. Ƙwayar tuffa ba ta zama ƙwayar mahaifar mutum, kuma abin da aka busar aka niƙa aka ƙulle a leda babu sauran rai a cikinsa. Ko da lambar NAFDAC a jikinsa, lambar da ake bai wa kayan ƙarin abinci ba shaida ce ta cewa yana maganin rashin haihuwa ba.

Yanzu ga abin da nake zargi yana damunki, kuma zargi ne, likita ne zai tabbatar. Wankin ciki har sau uku, na ƙarshe da zazzaɓi, sannan al'ada ta ƙafe, ciwon mara na zuwa a kan lokacinsa amma jini ba ya fita: wannan labarin ya yi kama da mannewar mahaifa, abin da likitoci ke kira ciwon Asherman, da sunan wani likitan Isra'ila da ya yi bayaninsa a 1948. Mahaifar da ba ta da ciki ba buɗaɗɗiya take kamar tulu ba. Bangonta na gaba da na baya a haɗe suke kamar ki haɗa tafin hannuwanki biyu, shimfiɗar nan ce ke hana su kama juna. Mahaifar da ta yi ɓari kuwa laushi gare ta, in aka kankare ta da ƙarfe ana iya wuce hawa na sama a taɓa saiwar. Kin taɓa ganin yaron da ya ƙone a hannu, aka naɗe yatsun wuri ɗaya, da suka warke sai suka manne? Haka bango biyun ke yi. Wani nazari da aka fitar a 2014, wanda ya tattara binciken da aka yi a kan matan da aka leƙa mahaifarsu bayan ɓari, ya samu kusan ɗaya cikin biyar da wani abu na mannewa, mafi yawa mai sauƙi, kuma haɗarin yana ƙaruwa da yawan wankin da aka yi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a bar kankara da ƙarfe, a koma zuƙowa da sirinji ko amfani da ƙwayoyin magani.

Kada ki ɗora wa kanki laifi a nan. Macen da jini ke zuba ba ta da zaɓi, wankin ne ma wataƙila ya ceci ranki.

Sikanin da aka yi miki na iya nuna shimfiɗa ta sirance, amma sau da yawa ba ya nuna mannewa. Hoton HSG, wanda ake ɗura ruwa ta bakin mahaifa a ɗauka, yana ba da haske, yana kuma nuna ko bututun ƙwai a buɗe suke. Amma abin da ke yanke hukunci shi ne histaroskofi: wata siririyar na'ura mai kyamara, ba ta kai kaurin biro ba, a shigar da ita ta bakin mahaifa, likita ya ga komai a allo. Gani ya kori ji. Kuma da wannan na'urar ce dai ake yin aikin, a sa ɗan almakashi a yanyanke inda ya manne, ba tare da an tsaga ciki ba. Bayan nan akan bar ɗan balo ko roba a ciki na wasu kwanaki don kada bangon ya sake haɗuwa, a ba ki sinadarin estirojin na wasu makonni don shimfiɗar ta toho, sannan a sake leƙawa.

Wannan aikin shi ne ke da tarihi a bayansa. A Holan akwai asibitin da aka mayar cibiyar wannan ciwon, suka fitar da sakamakon mata 638 da suka yi wa aiki cikin shekara 10. An samu buɗe mahaifar a kusan kashi 95 cikin ɗari, al'ada ta dawo wa kusan dukkansu. Amma fiye da ɗaya cikin huɗu mannewar ta dawo, sai da aka sake. Na faɗa miki wannan ɓangaren ne don kada in zama kamar masu WhatsApp. Hannun likita yana da tasiri sosai a aikin nan, kuma in saiwar ta lalace da yawa, ana iya buɗe mahaifar amma shimfiɗar ta ƙi kauri. Irin waɗannan matan, waɗanda aka yi wa aiki sau biyu sau uku abin ya faskara, su ne ake ɗauka a gwajin sitem sel. Ke ko matakin farko ba ki taka ba, ana so a tsallaka da ke zuwa na ƙarshe.

Don haka ki nemi ganin ƙwararren likitan mata a asibitin koyarwa, ga na Shika nan kusa da ke, ga na Malam Aminu Kano. Ki tambaye shi kai tsaye: ina ake yin histaroskofi, kuma wa ya saba yin aikin mannewar mahaifa? Kada ki yarda a sake shiga da ƙarfe a makance da sunan za a buɗe miki, abin da ya jawo ciwon ke nan. Ki roƙa a duba tarin fuka, don yakan kama mahaifa shiru ba tari ba komai, ya lalata shimfiɗar, kuma a ƙasashenmu ba baƙon abu ba ne. A yi gwajin jini na sinadaran jiki, na nono da na maƙogwaro da na ƙwai, saboda su ma suna ƙafar da al'ada, wani lokacin maganin ƙwaya ce kawai. Layin asibitin gwamnati da wahala, na sani, za ki yi sammako, za a ɗaga miki rana. Duk da haka abin da za ki kashe a binciken nan bai kama ƙafar miliyan 4 ba.

In zuciyarki ta kasa haƙura da mutanen can, to ki gwada su da tambaya, a rubuce, ki ga amsar da za su bayar. Ƙwayoyin na wa ne? In sun ce naki ne, ta ina za su same su, ke da jinin naki ɗigo ne? In daga shimfiɗar za su yanko, ai ita ce ta yi ƙaranci. Kuma rainon ƙwayoyin makonni yake ɗauka a ɗakin gwaji mai tsananin tsafta, ina ɗakin yake, za ki iya ganinsa? In sun ce na wata ce, wace ce, an gwada ta ƙanjamau da ciwon hanta? Wane kwamitin ɗa'ar bincike ne ya amince, ina takardar? A Najeriya akwai kwamiti na ƙasa mai kula da binciken lafiya a kan mutane, kuma asibitocin koyarwa suna da nasu. Ina lasisin likitan daga hukumar likitoci ta ƙasa? Mata nawa suka yi wa, nawa suka haihu, nawa abin ya ba matsala? Gwaji na gaskiya akan ba ki takarda ki karanta ki sa hannu, a gaya miki ƙarara cewa ba a san ko zai yi ba, kuma ba a saba ɗora wa mara lafiya miliyoyi a kan abin da ake gwadawa a jikinta ba. Ina kyautata zaton tun a tambaya ta biyu za a fara ce miki ki yi sauri, gurbi ya kusa cika.

Za su ce miki ai daga jikinki ne, ba ya cutarwa. A 2015 wasu tsofaffin mata uku a Fulorida ta Amurka sun biya dala 5,000 kowacce aka yi musu allurar ƙwayoyin da aka ciro daga kitsen jikinsu a ido, don ganinsu ya ƙaru. Ɗaya ta makance gaba ɗaya, biyun suka rasa mafi yawan ganinsu. Nasu ne, daga jikinsu. A mahaifa kuwa, abin da na fi ji miki tsoro shi ne ƙwayar cuta. Ruwan da ba a san yadda aka haɗa shi ba in ya shiga mahaifar da dama tana da rauni, zai iya ƙara mannewar, ya toshe bututun da wataƙila yanzu lafiyarsu ƙalau.

Sai maganar gida, wadda na san ita ce ke hura wutar gaggawar nan. Wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, kuma masu sayar da irin wannan allura sun san matan da ake yi wa gori su ne kasuwarsu. Amma ki dube ta da idon basira. In maigida ya yi niyyar ƙara aure, allura uku ba za su hana shi ba, mata nawa ne masu 'ya'ya shida aka yi wa kishiya? In kuma abin ya faru, gara ya same ki da filinki a hannu. Gadon nan shi ne abu ɗaya da ke naki ke kaɗai, naki da 'yarki. Ko da bincike ya nuna sai an je ga IVF, a lokacin za a zauna a yi lissafi da hujja a hannu, kuma ba ke kaɗai za ki ɗauki nauyin ba.

“Ba ruwana” ɗin nan da ya ce ban ji daɗinta ba, amma ban san da wace murya ya faɗe ta ba. Wani namijin in ya ce haka nufinsa kuɗinki ne, ba zai hana ki ba. Wani kuma tsoro ne ya rufe da ita. Ki samu lokacin da hankalinsa ke kwance, ba a gaban kowa ba, ki ce masa: “Na fasa sayar da filin. Akwai binciken da ba a taɓa yi mini ba, ina so ka raka ni mu ji daga bakin likita tare.” Abu ƙarami kika roƙa, zai yi wuya ya ƙi. In kun je, likitan da kansa zai ce a gwada maniyyinsa, ki bar maganar ta fito daga can. Haihuwar shekara 7 da ta wuce ba ta wanke namiji daga gwajin yau, kuma gwajin nasa shi ne mafi araha a duk cikinsu. Dangin miji kuwa ba sa bin ki bashin bayani. “Muna ganin likita, a taya mu da addu'a” ta isa.

Abu ɗaya zan ƙara tun yanzu don kada murna ta mantar da ke shi. In Allah Ya kawo cikin bayan an yi aikin, ba cikin haihuwar gida ba ne. Matan da mahaifarsu ta taɓa mannewa sun fi shiga haɗarin mabiyiya ta kafe a bango ta ƙi fita, jini ya ɓalle. Ki fara awo da wuri, ki gaya wa duk wanda ya duba ki tarihin nan, ki haihu a asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini a ajiye.

Kafin ranar ganin likitan, ki tattara duk takardun sikanin da na sallamar da aka ba ki lokacin ɓarin. Ki samu ɗan littafi ki rubuta watan da aka yi kowane wanki, da kwanakin da kika ga jini a watanni shidan da suka wuce, da ranakun da marar ta yi ciwo ba jini. Ledar garin nan ma, in da saura, ki tafi da ita ya gani. In an leƙa, ki rubuto mini abin da aka samu.